Mu ne ke jera kujerun taro, amma babu tamu a zauren

Shekara 11 ke nan ina aiki a sashen tsafta da gyare-gyare na wata jami'a, amma har yau babu ko fallen takarda ɗaya a hannuna da zai shaida cewa an ɗauke ni aiki. A ofis ana kiran mu ma'aikatan wucin gadi. Wane irin wucin gadi ne wannan da za a haifa wa mutum ɗa a cikinsa, yaron ya girma har ya kusa gama firamare, uban kuwa yana nan inda yake tun ranar farko? Ƙauyenmu yana kan iyakar Kano da Jigawa, kuma kullum ina idar da sallar asuba nake tayar da babur, in ɗauki maƙwabcina da muke haɗa kuɗin mai, mu kama hanya cikin hazo da sanyin hunturu, domin dole ne ɗakunan karatu da bayan gida su kasance fes kafin malami ko ɗalibi na farko ya iso. Mu ne ke share harabar, mu ne ke yanke ciyawa da damina, mu ne ke zura hannu a magudanar ɗakunan kwanan ɗalibai idan ta toshe. Safar hannu da takalmin ruwa da takunkumi kuwa, sai ranar da za a yi baƙi ake fito da su daga sito, idan baƙin sun tafi a karɓe a kulle.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. A watan Yulin 2024 aka sa hannu a kan dokar da ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 daga 30,000, gwamnatin Kano ta sanar da 71,000, ta Jigawa ta sanar da 70,000. Mun ji duk wannan a rediyo kamar kowa, mun kuma yi murna, amma abin da ake ba mu bai kai ko rabin wannan adadi ba, shi ma ɗin ba ya zuwa a kan lokaci. Sai a haɗa wata biyu, wani lokaci uku, ana ce mana takarda tana kan teburin wane. Wanda ke zaune a ofis mai sanyi bai san abin da jinkirin wata biyu yake yi wa mutumin ƙauye ba. Idan jinkirin ya faɗo a tsakiyar damina, lokacin zuba taki ya wuce ke nan, gonar shekara guda ta tafi a banza. Idan ya faɗo da kaka, dole mutum ya kwashi sabon geronsa ya kai kasuwa lokacin da ya fi kowane lokaci araha, domin ya biya mai kanti da ya cika littafi da sunansa, sannan idan bazara ta yi ya koma ya auni wannan geron kwano-kwano da tsada. Dukkanmu nan mun san hadisin da ya ce a ba ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma masu riƙe mana haƙƙin nan sahu ɗaya muke tsayawa da su a masallacin jami'a.

Abin da ya sa na kasa ci gaba da haƙuri shi ne abin da ya sami wani dattijo a cikinmu, wanda duk muke kira Baba. Ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma ya riga ni fara aikin. Wata safiya muna kwashe shara a bayan ɗakin gwaje-gwaje, ya ɗaga wani buhu da aka cusa fasassun kwalabe a ciki ba tare da wata alama ba, gilashi ya huda buhun ya tsaga masa tafin hannu har zuwa wuyan hannu. Na yage hannun rigata na ɗaure masa, jini yana tsiyaya a kan silifas ɗinsa, na goya shi a babur zuwa asibitin jami'a, wanda mu ne ke wanke daɓensa kowace safiya. Tambayar farko da aka yi mana a wurin ba da kati ita ce lambarsa ta ma'aikaci. Na ce, "Yallaɓai, ka san shi, kullum shi ke share ƙofar nan." Mutumin ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi na san Baba, amma sunansa ba ya cikin inshora, sai dai ku biya." Ban ga laifinsa ba, umarni aka ba shi. An wanke ciwon an naɗe, ɗinki da allura da magani kuwa da karo-karon abokan aiki muka biya, mutanen da su kansu suna bin bashin albashin wata biyu. Baba ya dube ni ya ce, "Ɗana, kada ka ɗaga murya, ka bar su, kada su ce gobe kada mu zo." Wannan maganar ta fi ciwon hannun ƙona mini rai, domin mutum ne da jininsa ke zuba a bakin aiki, amma tsoronsa shi ne kada a kore shi saboda ya ji rauni. Watannin da ya yi a gida babu wanda ya leƙa shi daga ofis, kwanakin kuma aka yanke daga kuɗinsa, har akuyar matarsa sai da aka sayar.

Ba sadaka muke roƙo ba. Dokar ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 7, ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa kafin cikar wata 3 da farawa. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki, inda mai ɗaukar aiki ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun da hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, NSITF, ke kula da shi. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ajiye kashi 8, wanda ya ɗauke shi ya ƙara kashi 10. Sashe na 40 na kundin tsarin mulki kuma ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiyar ƙwadago don kare muradunsa. A ajujuwan da muke sharewa ake koyar da waɗannan dokoki, ni kaina daga bakin wani ɗalibin shari'a na fara jin su, amma kalmar wucin gadi ita kaɗai ta isa a rufe mana duk ƙofofin nan a lokaci guda.

To wa zai faɗi wannan a madadinmu? A jami'o'in ƙasar nan malamai suna da ASUU, manyan ma'aikatan da ba sa koyarwa suna da SSANU, ƙananansu suna da NASU, masu fasahar ɗakunan gwaje-gwaje suna da NAAT. A majalisar gudanarwa akwai kujerun wakilan majalisar malamai da na taron ma'aikata masu digiri da na tsofaffin ɗalibai, amma mai tsintsiya da mai gadi ba su da ko ɗaya. Ba na baƙin ciki da abin da kowa ya samu, kuma na san su ma an zalunce su. A 2022 malamai sun yi yajin aiki daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, sauran ƙungiyoyin suka yi nasu daga Maris zuwa Agusta, aka riƙe albashinsu a kan cewa wanda bai yi aiki ba babu biya, wasu har motocinsu suka sayar. Sai dai su an san yawan watannin da suke bi, an yi ta zama a Abuja a kansu, daga baya kuma aka biya wani ɓangare. Mu da ba mu kira yajin aikin ba, ba mu kuma jefa ƙuri'a a kansa ba, cewa kawai aka yi mu zauna a gida sai an neme mu, kuma babu wanda ya taɓa lissafa watanninmu, balle ya nema mana su. Da aka buɗe, mu aka fara kira mu sare ciyawar da ta kai ƙirji, da macizanta da komai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bayan abin da ya sami Baba, mun ji za a yi babban taron ma'aikata a kan walwala da lafiya. Mu muka share zauren, muka goge tagogi, muka jera kujeru sahu-sahu, muka ɗauko katan-katan na ruwa a ka. Da aka fara, mu biyar muka matsa bakin ƙofa da takardar kokenmu, wadda muka sa aka buga mana a shagon kwamfuta da kuɗinmu. Wani daga cikin shugabannin ya fito ya ce, "Malam, ku yi haƙuri, taron na 'yan ƙungiya ne, ku kuma ba a cire muku kuɗin ƙungiya daga albashi." Na ce, "Ranka ya daɗe, a cire mana, mun yarda." Ya ce ba za a iya ba sai an tabbatar da mu a aiki. Ofis ya ce babu gurbi, ƙungiya ta ce sai da gurbi, mu kuma muna tsaye a rana muna jiyo ta lasifika ana maganar haƙƙin ma'aikaci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma an zauna gyaran ɗakin an bar mai shi a waje.

Abin da muka rubuta a takardar bai fi layi kaɗan ba. A ba duk wanda ya shekara yana aiki takardar ɗaukar aiki, a tsayar da ranar biya guda ɗaya da ba za a riƙa ɗagawa ba, a sa sunayenmu a asibitin jami'a, a bar mana safar hannu da takalmi a hannunmu, sannan a ba mutum ɗaya da mu muka zaɓa kujera a kwamitin walwalar ma'aikata. Mun kai kwafe ɗaya ofishin magatakarda, an buga masa hatimi an karɓa, yau wata 5 ke nan babu amsa. Baba ya dawo aiki makon jiya, yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa, da hannun hagu yake riƙe tsintsiya, kuma da safiyar yau ma buhunan bayan ɗakin gwaje-gwajen nan da hannu tsirara muka kwashe su.