Zanen Leonardo ba a Faris yake ba

Wai don Allah ku daina cewa in mutum ya je Faris zai ga zanen nan na Leonardo da Binci, na Yesu da almajiransa 12 suna cin abincin ƙarshe. Wani zanen nasa ne mai suna Monalisa ke can. Shi wannan a Milan yake, ƙasar Italiya, kuma ba allo bane da za a ɗauka a kai wani wuri, a jikin bango aka zana shi, bangon ɗakin cin abincin 'yan zuhudu na cocin Santa Mariya delle Giraziye, wajen 1495 zuwa 1498.

Abin da ke taɓa min zuciya, a busasshen bango ya yi shi maimakon ɗanyen filasta yadda aka saba, shi yasa tun yana raye fentin ya fara ɓarewa, daga baya ma aka fasa ƙofa a ƙasan zanen ta cinye ƙafafun Yesu, sannan bam ya rusa ɗakin a 1943 amma bangon ya tsira. Gyaran da aka gama a 1999 ya ci shekara sama da 20.

In zaka je ka yanki tikiti tun da wuri, ba'a shiga haka kawai. Minti 15 ne kacal za'a baka a ciki.