Kwana tara da fara aiki, aka bar mata bakin mahaifiyata

Dare huɗu mahaifiyata ta yi ba ta runtsa ba saboda bayanin da aka yi mata ba daidai ba a wani asibitin haƙori mai zaman kansa a nan Kano, kuma har yanzu raina bai huce ba. Mun kai ta ne a cire mata turmin ƙasa na hagu wanda kogo ya cinye. Likita ya gama aikinsa cikin kamar minti 20, ya cusa auduga a gurbin, ya wuce ɗaki na gaba inda wani ke jiransa, ya bar mu da wata yarinya mai farar riga domin ta gaya mana yadda za a kula da wurin. Ga abin da ta ce: "Mama, da kin isa gida ki tofar da audugar nan, ki kurkure bakinki sosai da ruwan ɗumi da gishiri, ki riƙa yi duk bayan awa ɗaya." Umma ta bi umarnin nan sau da ƙafa, domin a wajenta duk mai farar riga a asibiti maganarsa ta likita ce.

Ashe wannan shi ne ainihin abin da aka hana. Idan aka cire haƙori, jini yakan daskare a cikin ramin ya zama gudaji, kuma wannan gudajin shi ne murfin da ke rufe ƙashi har dasashi ya warke. Shi ya sa ake cewa mutum ya danne audugar da haƙoransa na kusan rabin awa ko fiye, kada ya kurkure baki, kada ya yi ta tofar da yawu da ƙarfi, kada ya zuƙi abin sha da tsinke har sai awa 24 ta cika, sannan ne ruwan gishiri yake da amfani, shi ma a hankali. Umma kuwa ta wanke gudajin tas tun ranar farko. A rana ta uku raɗaɗi ya tashi daga muƙamuƙi ya kai kunne, bakin ya fara wari, na shiga ɗakinta da asuba na tarar da ita zaune kan darduma ta tallabe kumatu da hannu biyu, tsohuwar da ban taɓa ganin hawayenta a kan ciwo ba tana kuka shiru.

Da muka koma, likitan ya leƙa ya ce ƙashi ne a buɗe, sannan ya dubi Umma da muryar tuhuma ya ce, "Hajiya, ai kin kurkure baki ne." Na ce masa, "Likita, ma'aikaciyarka ce ta sa ta." Bai nemi afuwa ba, ya dai wanke wurin ya sa magani, aka kuma turo mu wajen biyan kuɗi, muka biya kuɗin gyaran ɓarnar da su suka yi.

Na fito da niyyar sauke wa yarinyar duk abin da ke cikina, amma da na tambaye ta wanda ya koya mata wannan magana, sai jikina ya yi sanyi. Kwananta tara ke nan a wurin ranar da aka cire haƙorin. Daga shagon sayar da magani ta zo, kuma ranar da ta fara aiki riga kawai aka ba ta aka nuna mata inda tsintsiya da rijistar marasa lafiya suke. Babu wanda ya zaunar da ita ko na awa ɗaya. Ta dai ji likita yana yi wa wani batun ruwan gishiri, ba ta ji inda ya ce sai gobe ba, ta ɗauka ta riƙa maimaitawa. Allah kaɗai ya san mutum nawa ta gaya wa haka kafin mu. Na tambaye ta ko an yi mata rigakafin ciwon hanta nau'in B kafin a sa ta wanke ƙarafan da suka jiƙe da jinin mutane, ta ce ba a taɓa yi mata maganar ba.

Wannan karon idona a buɗe yake, kuma abin da na gani ya fi na farko tayar mini da hankali. Da safar hannun da ta riƙe bututun zuƙe yawu a bakin wani dattijo, da ita ta amsa waya, ta ja aljihun tebur, ta ɗauko katin Umma. Babu wuta a lokacin, ba a kuma tayar da janareta ba, sai na ga ana goge awartaki da madubin baki da auduga da sifirit ana mayarwa kan faranti, alhali tukunyar turara kayan aiki tana ajiye a kusurwa an ɗora mata fayil-fayil. Tukunyar nan ba ado ba ce: tururinta sai ya kai zafin digiri 121 na aƙalla minti 15, ko 134 na kamar minti 3, kafin a ce ƙarfe ya tsarkaka, domin ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini na aƙalla kwana 7. Sai a lokacin kuma na tuna cewa ranar farko babu wanda ya tambayi Umma ko tana da hawan jini ko ciwon suga, ko tana shan maganin da ke tsinka jini. Suna da shekaru kawai aka rubuta a katin. Mun ga tayil da na'urar sanyaya ɗaki da kujera mai hawa da sauka, muka yi wa rogo kallon kitse.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne ba rashin ƙwararru ne ya jawo wannan ba. Akwai hukumar tarayya da ke yi wa masu taimaka wa likitan haƙori rajista, kamar yadda majalisar kula da aikin likitoci da likitocin haƙori ta Nijeriya, wato MDCN, ke yi wa likitocin kansu, kuma makarantun fasahar kiwon lafiya a jihohin Arewa suna yaye matasan da suka karanci wannan aiki, da yawansu suna zaune a gida da takardunsu. Mai asibitin ya zaɓi wadda zai biya albashi mafi ƙanƙanta ne, sannan ya ƙi kashe ko kobo wajen koya mata. Ko da mai takarda ya ɗauka, wajibi ne ta yi makonni tana bin tsohuwar ma'aikaciya tana kallo kafin a bar ta ita kaɗai da mara lafiya, a nuna mata da hannu yadda ake wanke ƙarfe a turara shi da lokacin da ake sauya safar hannu. Bayanin bayan cire haƙori kuwa bai wuce layi shida ba. Me zai hana a buga shi da Hausa a 'yar takarda a miƙa wa kowa ya tafi da ita gida?

Na rubuta takardar ƙorafi zan kai wa hukumar jiha mai sa ido kan asibitoci masu zaman kansu, kuma sunan mai asibitin na sa a ciki, ban sa na yarinyar ba. Umma ta samu sauƙi, amma akwai wani turmin a dama da shi ma ya fara kogo, kuma ta rantse ba za ta sake zama kan kujerar likitan haƙori ba. Jiya na same ta tana cusa kanumfari a ramin.