Ba shagwaɓa ba ce

Yarinya 'yar shekara 15 ta faɗi jarrabawa ɗaya, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Ni dai ba na iya komai." Da yawanmu shagwaɓa muke kiran wannan. Ba haka ba ne, har zuciyarta ta yarda da abin da ta faɗa. Likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck ya bayyana irin wannan karkataccen tunani tun shekarun 1960: abu ɗaya ya lalace, sai a yanke wa komai hukunci. Ga shi kuma sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai auna al'amura, ba ya gama ƙosawa sai wajen shekara 25.

Tsawa ba ta warware wannan. Ku kasa kunne ga "kullum", "kowa", "ba wanda", sannan ku tambaye ta a hankali: sauran darussan fa, nawa kika ci?