Cikin da ya lafa daban, hanjin da ya warke daban

Shekara huɗu ke nan ƙanwata tana fama da gyambon babban hanji. Wanda bai taɓa zama gida ɗaya da mai wannan ciwo ba, da wuya ya gane nauyinsa. Zawo da jini da majina, murɗar ciki da ke tashe ta tsakar dare, shiga banɗaki fiye da sau goma a rana idan ciwon ya motsa. Duk wanda ya zo dubiya kuwa sai ya zo da nasa hani: "Ki bar madara." "Ki bar nama." "Ganye ne ke kashe ki." Kowa da kyakkyawar niyya ya faɗa, ita kuma ta bi kowa. Kafin mu farga, abin da take ci bai wuce kala uku ba. Ta rame, jininta ya yi ƙasa, ciwon kuma yana nan daram.

Wannan ne ya sa na zauna na karanta abin da likitoci suka gano a kan abinci da kumburin hanji mai daɗewa. Ciwon iri biyu ne manya. Akwai gyambon babban hanji, irin na ƙanwata, akwai kuma cutar Crohn, wadda ta samu sunanta daga likitan Amurka Burrill Crohn da ya bayyana ta tare da abokan aikinsa a 1932, ita kuma tana iya kama ko'ina daga baki har dubura. A duka biyun, garkuwar jiki ce ke far wa bangon hanji. Abin da na fi so mutane su riƙe shi ne: abinci yana iya sa ciki ya lafa ba tare da ya taɓa kumburin da ke cin hanjin ba.

Ɗauki tsarin cin abinci na rage wasu nau'o'in sukari da ake kira FODMAP, wanda Peter Gibson da Sue Shepherd suka fito da shi, aka kuma bunƙasa shi a Jami'ar Monash ta Ostareliya. Nau'o'in sukari ne da ƙaramin hanji ba ya iya tsotsewa da kyau. Sai su jawo ruwa cikin hanji, su gangara babban hanji, ƙwayoyin halittar da ke zaune can su ruɓar da su, iska ta taru. Daga nan sai kumburin ciki irin na iska, da ƙugi, da zawo. Ana samun waɗannan nau'o'in sukari a alkama, albasa, tafarnuwa, wake, madara, zuma, tuffa da mangwaro. A wani gwaji da aka yi a Landan aka buga a 2020, an raba mutum 52 masu wannan ciwo waɗanda kumburinsu ya kwanta amma ciki bai daina damunsu ba gida biyu. Bayan mako 4, kashi 52 cikin ɗari na waɗanda suka rage waɗannan abubuwa sun ce sun samu sauƙi, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 16 ne kawai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ba ya iya fita daga gida. Amma alamomin kumburi a jikinsu ba su canja ba, kuma wasu ƙwayoyin hanji masu amfani sun ragu. Shi ya sa waɗanda suka tsara shi suka ce mako 2 zuwa 6 ake yi, sannan a riƙa dawo da abincin ɗaya bayan ɗaya don a gane takamaiman wanda ke tayar wa mutum ciki. Wannan mataki na biyu shi ne wanda mutane ke tsallakewa, kuma shi ne ya fi muhimmanci.

A Amurka ma, a 2021, an gwada wani tsari mai tsanani da ke hana hatsi gaba ɗaya, aka kwatanta shi da cimar mutanen gaɓar Bahar Rum, wato kifi, man zaitun, kayan lambu da 'ya'yan itatuwa. Masu cutar Crohn ne, kusan mutum 200. Bayan mako 6 sakamakon ya zo kusan kunnen doki, ƙasa da rabi kaɗan a kowane ɓangare suka samu sauƙi. To in haka ne, me zai sa mutum ya azabtar da kansa da mai tsananin?

Ba na cewa abinci ba ya taɓa zama magani. Ga yara masu cutar Crohn, likitoci kan fara da wani abincin ruwa na musamman, yaro ya sha shi kaɗai tsawon mako 6 zuwa 8, kuma yana kwantar da kumburin da gaske ga mafi yawansu. Amma wannan aikin asibiti ne, ana auna yaron, ana lissafa abin da jikinsa ke buƙata. Ba ya kama da mutum ya ga bidiyo a waya ya yanke wa kansa hukunci.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ya ji cikinsa ya yi shiru sai ya ajiye maganinsa. Ciwon nan yana iya ci a ɓoye. Mutum yana jin garau, hanji kuwa yana ƙara lalacewa, wani wurin ya tsuke, wani ya huje, sai an kai ga tiyata. Akwai gwajin bahaya da ke nuna ko kumburi na nan, akwai kuma leƙa hanji da na'ura. Su ne ke faɗin gaskiyar abin da ke ciki, ba yawan zuwa banɗaki kaɗai ba.

Hanin da ya wuce kima kuma yana da nasa hasarar. Mai zubar da jini a bahaya dama yana rasa sinadarin ƙarfe. Mai Crohn da ya kama ƙarshen ƙaramin hanji yana iya rasa bitamin B12, domin a nan ake tsotse shi. Wanda ya daɗe a kan magungunan sitiroyid masu kwantar da kumburi ƙashinsa na yin rauni, sannan a ce ya bar madara ba tare da an tabbatar ita ke damunsa ba. Ko maganar ganye da ɓawon hatsi, waɗanda hanjinsu ya tsuke ne aka fi ce wa su yi hattara, ko kuma lokacin da ciwo ya tashi. Ba doka ba ce a kan kowa har abada.

Ƙanwata yanzu tana da ɗan littafi da take rubuta abin da ta ci da yadda ta kwana. Da taimakon mai ba da shawara kan abinci a asibitinta, ta gano albasa ɗanya da madara mai yawa ne ke tayar mata da ciki, sauran kuwa ta dawo da su sannu a hankali. Maganinta ba ta fasa sha ba ko na rana ɗaya, kuma wata mai zuwa za ta koma a sake gwada bahayarta. Ranar da na ga ta zauna ta cinye kwanonta tare da mu, sai da na tashi na fita waje don kada ta ga idona.