Gidan Ɗan Hausa: A Dawo da Ɗalibai Cikin Sorayensa

Duk lokacin da hanya ta biyo da ni ta Nasarawa na ga zankwayen Gidan Ɗan Hausa, sai in ji a raina cewa har yanzu mutanen Kano ba mu ba gidan nan haƙƙinsa ba.

Sunan gidan ya samo asali ne daga Hanns Vischer, Baturen da aka haifa a ƙasar Suwizalan a 1876, wanda ya ratsa Sahara daga Tarabulus zuwa Barno a 1906, kuma ya iya Hausa har aka yi masa laƙabi da Ɗan Hausa. A nan ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewa a 1909, zamanin Sarki Abbas. Ba na ɓoye cewa ma'aikacin mulkin mallaka ne, kuma tun da farko aikin mishan ne ya kawo shi, don haka ɗari-ɗarin da iyayenmu suka yi da makarantarsa yana da dalili. Amma abin da aka cika mantawa shi ne, ban da ajin 'ya'yan sarakuna da na malamai, akwai sashen koyar da sana'o'in hannu, inda yara suke zama gaban gwanaye suna koyon aiki.

Shi kansa ginin darasi ne. Ranar da na shiga da ɗana a tsakiyar bazara, muna tsallaka ƙofa sanyi ya rufe mu, alhali babu fanka babu na'ura. Yaron ya ɗaga kai yana kallon bakan gizon da ke ɗauke da rufin, ya tambaye ni inda aka sa ƙarfen. Na ce masa babu ƙarfe, tubali ne da azara da ƙasar da aka cuɗa da ciyawa, aka bar ta ta ruɓa kafin a ɗora. Ya shafa zanen bangon da tafin hannunsa, ya daɗe bai ce komai ba.

Maginan da suka san sirrin ɗaurin guga, wato wani salon haɗa rufin soro, da haɗin makuba, wato yaɓen da ake yi da ɓawon ɗorawa, suna ta tsufa, 'ya'yansu kuwa sun koma ɗora bulo da siminti saboda a nan ake samun na cefane, kuma ban ga laifinsu ba. Shi ya sa nake roƙon Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, wadda gidan yake hannunta, da ta ware wani sashe a mayar da shi makarantar fasaha ta dindindin. A ɗauko tsofaffin magina, da marina daga Ƙofar Mata, da dukawa da masu zanen bango, a yanka musu albashi, a ba kowannensu ɗalibai. Idan damina ta wuce, yaɓen gidan ma ya zama jarrabawar 'yan ajin gini.