Ɗan Sarkin Da Ba A Haifa A Fada Ba

Jiya a majalisa aka yabi wani da cewa "ai ɗan asali ne," kowa ya gyaɗa kai kamar magana ta ƙare. Ni kuwa sai hankalina ya tafi ƙasar Sin, wajen wani malami da ya taɓo batun irin wannan yabo shekara 2,500 da suka wuce.

Konfushiyas ake ce masa, Sinawa kuma Kongzi. An haife shi a ƙasar Lu, ɗaya daga cikin masarautun Sin na wancan zamani, a shekara ta 551 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya rasu a 479. A zamaninsa akwai kalmar junzi, asalin ma'anarta ɗan sarki, wanda ya gaji girma tun yana zanin goyo. Malamin nan sai ya ƙwace kalmar daga hannun 'yan gado ya damƙa wa masu hali. A bakinsa junzi ya koma mutumin kirki: mai tausayin mutane, mai kiyaye ladabi, mai tambayar "daidai ne?" kafin ya tambayi "nawa zan samu?" Kishiyarsa kuwa xiaoren, wato ƙaramin mutum. Na yi dariya da na ga wannan, don mu ma haka muke cewa, ko da mutumin ya kai ƙofa tsawo.

Dubi wanda ya fi yabo cikin almajiransa, Yan Hui. Talaka ne futuk, yana zaune a wani lungu, ɗan abinci kaɗan da moɗar ruwa, kuma hakan bai rage masa fara'a ba. Ya mutu da ƙuruciya, malamin ya yi kukan da har almajirai suka ce ya yi yawa. Da a majalisarmu ne, sai an fara tambayar ɗan gidan waye.

Ba komai nasa na haɗiye ba fa. Mata ba su da wani gurbi a wannan hoto, har akwai inda ya haɗa su da ƙananan mutane wajen wuyar sha'ani. Daga baya kuma sarakuna suka mai da koyarwarsa jarrabawar neman muƙami, aka yi ta hadda don a samu kujera, har zuwa 1905 da aka soke ta.

Amma labarin ƙasar Chen ya tsaya min a rai. Konfushiyas da almajiransa suna yawon neman sarkin da zai saurare su, da suka isa can guzuri ya ƙare, almajirai suka galabaita har wasu ba sa iya miƙewa. Zilu, mai zafin kan cikinsu, ya zo a fusace yana tambaya: ashe mutumin kirki ma yana shiga irin wannan ƙunci? Malam ya ce ƙwarai yana shiga, sai dai shi yana daurewa, ƙaramin mutum kuwa da ya ji matsi sai ya ɓalle ya aikata komai.

Shi Zilu ɗin, a shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) rikicin sarauta ya rutsa da shi a ƙasar Wei. Ana cikin faɗa aka datse igiyar hularsa. Ya ce junzi ba ya mutuwa kai babu hula, ya tsaya yana ɗaure ta, a nan aka kashe shi.