Amaryar da likita ya aura mini

A gidana da ke Garwa ta ƙasar Kamaru ana rabon kwana, alhali mata ɗaya gare ni. Biyar na amarya, biyu na uwargida, kuma har yau ba malamin da ya ce ban yi adalci ba, don likita ne ya yanka rabon da hannunsa ya buga hatimi. Amaryar wata 'yar na'ura ce mai aiki da batir, ba ta fi tafin hannu ba sai kaɗan. Ana ɗora mata sirinji, ita kuma ta kwana tana tura magani sannu a hankali ta cikin siririn tiyo zuwa allurar da ke soke a fatar cikina. Uwargida ce ta raɗa mata sunan, ranar da ta ga na ɗinka mata jaka da ragowar shadda mai tsada, ita kuwa zaninta na sallah yana kan keken ɗinkina tun azumi.

Ni mai sikila ne, SS gangariya. Tun ina ɗan firamare ake ƙara mini jini, Allah ya saka wa masu bayarwa da alheri. Sai dai jinin nan ba ya zuwa hannu rabbana. Kowace leda tana shigowa da ƙarfe kimanin miligiram 200, shi kuwa jikin ɗan Adam abin da yake iya zubarwa a yini bai wuce miligiram 1 zuwa 2 ba. Ko tela ya iya wannan lissafin. Abin da ya rage sai ya nemi wuri a hanta da zuciya ya share ya zauna, ba ciwo ba ƙaiƙayi, sai ranar da ya gama ɓarna. Da awon feritin ɗina, wato ma'aunin ƙarfen da ya taru a jiki, ya haura 1000 ya ƙi saukowa, likita ya zare tabarau ya ce lokaci ya yi. Akwai na ƙwaya, deferasirox, da ake sha sau ɗaya a rana, na kuma ɗan ɗanɗani wannan daular. Awon ƙoda ne ya fara nuna abin da likita bai so ba, ga tsada, aka maido ni gidan allura. Na allurar shi ne Desferal, gari ne a 'yar kwalba mai miligiram 500, a dama shi da ruwan allura. Hanji ba ya tsotsarsa yadda ya kamata, kuma ba ya daɗewa a cikin jini, shi ya sa dole sai an yi ta ɗiga shi awa 8 zuwa 12. Yana shiga ya cafke ƙarfen, su fita tare ta fitsari da bayan gida.

Fitsarin nan shi ya fara jawo mini magana. Launinsa yakan koma ja-ja, alamar magani na aiki ke nan. Kakata, wadda ba ta yarda da bayan gidan zamani ba balle sirrin jika, ta leƙa wata safiya ta fito tana tafa hannu.

"Kai ɗan nema, gemai-gemai da kai kake zuwa wanka Binuwai? Ga tsargiya nan ka kwaso!"

Na ce, "Tsohuwa, ƙarfe ne ke fita."

Ta ce, "Ƙarfen gidanku. Mijina na fari ma haka ya yi ta musu."

Kafin la'asar unguwa ta ji cewa jikin tela cike yake da ƙarfe. Wani yaro ya ɓalle maganaɗisu daga tsohuwar lasifika ya zo shago, ina tsakiyar auna wa wani wuyan riga, ya manna mini a gadon baya. Da abin ya faɗo ƙasa sai yaron ya dube ni da takaici, wai ashe ƙarya ake yi. Mahaucin bakin layinmu kuwa ya ɗauki zancen da muhimmanci. A ganinsa jikin da ƙarfe ya riga ya cika, wuƙa ba ta da wurin shiga, har ya yi tayin mu gwada a dantse, kaɗan kawai, don a kashe gardama. Tun ranar uwargida nake turawa sayen nama.

Sauran wahalar ta yau da gobe ce. A watan Maris da Afrilu, in zafin Garwa ya haura digiri 40 kuma aka ɗauke wuta, gumi yakan ɗaga filasta tsakar dare, in farka in tarar amarya tana shayar da katifa maganin da aka aiko mini tun daga Yawunde. Wurin allura yakan kumbura ya yi ƙaiƙayi, don haka ake zagayawa, yau dama, gobe hagu, jibi cinya. Sau ɗaya a shekara a auna ido da kunne saboda maganin yakan taɓa su. Uwargida ta ce kunnen kam a bar wahalar da likita, dama can ba ya jin maganar cefane.

Duk wannan wasan yara ne in aka kwatanta da tafiyar Marwa.

Ƙanen uwargida ne zai angwance, ni kuma aka ɗora wa ɗinkin ango da abokansa. Ita ta yi gaba da yara tun farkon mako. Kowa ya san alƙawarin tela, amma ni dai in faɗi gaskiya wuta ce ta yi ta wasa da ni, ban cire hular ƙarshe daga guga ba sai bayan la'asar ɗin jajibiri. Daren kuma na amarya ne. Likita ya riga ya ja mini kunne cewa ƙarfe bai san biki ba, saboda haka na dama magani, na soka allura, na manna filasta biyu, na zura na'urar a aljihun ciki da na ɗinka mata a farin kaftanina, na hau kilando zuwa tasha. Tafiyar kilomita 200 da 'yan kai ce. Na ce kafin mu isa an ci rabin sirinji.

Kujerar mutum huɗu aka zuba mu biyar. Ta damana wani Alhaji ne ɗan kasuwar albasa, mai jiki tubarkalla, wanda sai da karen mota ya tura shi daga baya kafin ya shige. Ta haguna wata tsohuwa da ƙullin goro. Muna wuce Pitowa Alhaji ya fara gyangyaɗi, kafin Figil ya mai da ni matashin kai, gwiwar hannunsa kuma ta sauka daidai kan tiyon.

Na'urar nan tana da hali guda. In hanya ta toshe ba ta haƙuri, sai ta fara kuka, tit, tit, tit, tana ƙifta jar wuta. A ɗakina abin ba ya tayar da ko kyanwa. A cikin mota mai duhu, ta ƙarƙashin farin yadi, jar wutar nan har rufin mota take haskawa.

Wata Hajiya a bayana ta ce, "Bawan Allah, wayarka na ƙara."

Na ce, "Ba waya ba ce, Hajiya."

Motar ta yi tsit. Ni kuma hankalina na kan magani kada ya tsaya, sai na ɗage kaftani in warware tiyon. Wani ya haska fitilar waya. Abin da jama'a suka gani shi ne siririn mutum mai jajayen idanu saboda rashin barci, da filasta a ciki, da igiya ta fito daga ƙarƙashinta ta shige wani ɗan akwati mai ƙiftawa. Duk wanda ya san hare-haren ƙunar baƙin waken da aka kai Marwa a watan Yulin 2015 ba zai ga laifinsu ba, ni ma ban gani ba. Da ni ne a kujerar baya da na riga kowa.

Salati ya ɓarke. Direba ya taka birki, ashe muna daf da wani shinge. Karen mota, wanda aikinsa ne buɗe ƙofa, ta taga ya fita. Alhajin da aka tura kafin ya shiga, ban ga fitarsa ba, iska kawai na ji da warin albasa. Ƙafa me na ci ban ba ki ba, cikin ƙiftawar ido mota ta zama tawa, ni da tsohuwa. Tashin Alhaji kuwa ya saki tiyon, amarya ta yi shiru ta ci gaba da aikinta, sai ka rantse ba ita ba ce.

Tsohuwa ta gutsiri goro ta ce, "Ɗan nan, ni ƙafafuna sun daina gudu. In tashi za ka yi, ka bari in gama kalmar shahada."

Na ce, "Iya, magani ne."

Ta ce, "To Allah ya sa. Matsa mini, dama ka takura ni."

Daga nesa wani mai kaki ya dallare ni da tocila, yana ba da umarni da Faransanci, wani na maimaitawa da Fillanci, wai in sauko in ɗaga hannuwa sama. Matsalar ita ce na riga na zaro na'urar daga aljihu, tana hannuna. In na sake ta za ta yi ƙasa ta fizge allurar. In na ɗaga ta sama kuma, to, ku da kanku ku hango mutum a tsakiyar titi da dare ya ɗaga akwati mai waya sama. Tsoro ya sa na manta sunanta na gaskiya.

"Shef, in na ɗaga hannu amarya za ta faɗi!"

Aka yi jim. Mai fassara ya tambaya, "Wace amarya? Akwai mace a motar?"

Tsohuwa ta leƙo ta taga ta ce ita dai ta wuce nan wurin.

Na yi ta ihun kalmar da aka sani a asibiti, drepanositoz, wato sikila da Faransanci, na ce karnena, wato littafin asibitina, da takardar likita suna cikin jaka. Jakar na kan rufin mota, ƙarƙashin buhunan Alhaji da akuya biyu. Karen mota ya rantse ba zai hau ba, wai shi ma yana da uwa. Ni na hau, da hannu ɗaya, ɗaya hannun na riƙe da amarya, tocila uku na bina. Garin jawo jakar ƙullin kayan biki ya kwance, manyan riguna suka zubo kan kwalta ɗaya bayan ɗaya.

Shef ya karanta takardar tun daga sama har hatimi, ya sake karantawa, sai na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya ce ɗan 'yar'uwarsa ma mai wannan ciwo ne, ya san daren da ƙashi ke sara. Amma zancen ƙarfe bai shige shi ba. Ya ɗauko sandar nan tasu mai ƙara ya bi cikina da ita, shiru. Ya bi ƙirji, shiru. Ya kai aljihun wando, ta ƙwala ihu, ya zaro almakashina.

"To ga ƙarfen," in ji shi. "Na cikin fa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, wancan narkakke ne a cikin hanta, sai awon jini ke ganinsa."

Ya girgiza kai ya maido mini da almakashi. Kafin ya sallame mu sai da ya juya jakar shaddar a hannunsa, ya yaba ɗinkin, ya tambayi nawa zan yi masa irinta ta waya.

Da aka koma mota, mutanen da suka gudu ɗazu duk suka zama likitoci. Wannan ya ce folere, wato zoɓo, mai kauri safe da yamma, wancan ya ce gasasshiyar hanta, wani ya san wani malami a bayan dutse. Hajiyar baya, don ta wanke kunyarta, ta buɗe jaka ta damƙa mini jajayen ƙwayoyin ƙarin jini da suka rage mata daga awon ciki. Na yi mata bayani cewa ƙarfe ne zalla a cikinsu, abin da na kwana biyar a mako ina fitarwa ke nan. Ta ce in dai riƙe, ba a mai da kyauta. Alhaji kuwa ya dawo da takalmi ƙafa ɗaya, ya zauna nesa da ni gwargwadon yadda jikinsa ya yarda, ya yi ta lissafa mini kuɗin takalmin har Salak.

Labari ya riga mu isa, don wani a motar ya san wani a gidan bikin. Na tarar da surukina a ƙofar gida da carbi. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa daga inda yake bai matso ba, ya ce, "Malam, an ce an tare ku a hanya."

Na ce, "Rashin fahimta ne, Baba."

Ya ce, "Madalla. Tana jikinka yanzu?"

Aka kai ni ɗakin baƙi, inda samari suka jeru a tabarmi suna rabon iskar fanka guda. Na yi sallama, na cire kaftani, na ajiye amarya a gefen matashi. Ɗaya ya tuna bai yi isha'i ba. Ɗaya ya ce zai duba janareta. Sauran ba su ma ba da dalili ba. Daren nan, a tsakiyar zafin Marwa, ni kaɗai na kwana da katifa da fanka, filasta ko ɗagawa ba ta yi ba.

Da safe aka ɗaura aure, ango cikin babbar riga mai tambarin tayar mota a kafaɗar hagu. Mai ɗaukar hoto ya yi ta juya shi dama. Wani abokin ango ya ja ni gefe ya tambaya ko sabon salon aiki ne daga Garwa, na ce e, amma sai an yi oda da wuri.